Kasuwar kifi da tsohon garin Jidda a yini guda: da wanne za a fara, me za a saya?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da yini guda a Jidda bayan Umara kafin jirginmu ya tashi. An ce akwai babbar kasuwar kifi a bakin teku, tsohon garin ma na kusa da ita. Da wanne zan fara? Wane kifi zan saya, yaya zan gane wanda bai kwana ba, kuma me ya kamata in sani na tarihin wurin?"

Malam, Allah ya karɓi ibada. Tsarin da ya fi shi ne kasuwar kifi da asuba, tsohon gari bayan la'asar, tsakar rana kuma ka nemi inuwa ka huta. Idan ka juya tsarin, za ka isa tsohon gari ka tarar da shaguna a rufe rana na dukanka, sannan ka je kasuwa da yamma ka tarar an riga an tsince mai kyau. Wuraren biyu kuma labarinsu ɗaya ne. Duwatsun murjani da ke kwance a ƙarƙashin ruwan gaban Jidda su ne gidan kifin da za ka ci, da irinsu aka gina benayen da za ka gani da yamma, su ne kuma suka taimaka wajen hana jiragen yaƙi shiga garin shekaru ɗari biyar da suka wuce. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fi gane abin da yake kallo.

Babbar kasuwar kifi, wadda mutanen gari ke kira Bangala, tana bakin ruwa a yankin Bagadadiyya ta yamma, kusa da tashar jiragen ruwa. Tsakaninta da tsohon gari, wato Balad, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ka ce wa direban tasi "Bangala" ko "suk as-samak al-markazi", zai gane. Daga Makka zuwa Jidda kusan kilomita 80 ne, awa guda a mota idan hanya babu cunkoso. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana cin wannan tafiya cikin kusan rabin awa ya sauke ka a tashar Sulaimaniyya. Sai dai idan gwanjon asuba kake son gani, ko dai ka kwana a Jidda ko ka taso da mota tun da sauran dare.

Ka sa takalmi rufaffe wanda ba ya santsi, domin daɓen kasuwar kullum a jiƙe yake da ruwan ƙanƙara. Doguwar riga kuma a tattare ta. Ka riƙe kuɗin riyal ƙanana a aljihu. Masu teburi da yawa na karɓar kati, amma mai ɗaukar kaya da mai gyaran kifi sun fi son a ba su a hannu.

Gwanjon, wanda suke kira haraj, yana farawa bayan sallar asuba. Masunta sun iso da kamun dare, ana jera kifin tari-tari, wani a kwando wani a zarge da igiya, dillali na kiran farashi da ƙarfi, masu gidajen abinci da masu teburi na ɗagawa. Shawarata ita ce ka tsaya ka kalla, kada ka sa baki. Ana sayar da tari ne gaba ɗaya, ba kilo ɗaya ko biyu ba, cinikin na gudu da sauri cikin Larabcin Hijaz, kuma baƙon da ya ɗaga hannu sau da yawa shi ke ƙarewa da kifin da ya fi ƙarfin cinsa a farashin da ɗan gari ba zai biya ba. Amfanin tsayuwarka a wurin biyu ne: za ka ga wane kifi ne ya yi yawa a ranar, wanda shi ne zai yi araha a teburi, za ka kuma ga kamannin kifin da ya fito daga ruwa yanzu. Idonka ya riƙe wannan kamanni, da shi za ka auna abin da za a nuna maka daga baya. Daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas sai ka shiga layin masu teburi. Kada ka saya a teburin farko. Zagaya layi ɗaya har ƙarshe, ka tambayi mutum uku ko huɗu "bikam al-kilo?", wato nawa ne kilo, a kan kifi iri ɗaya, sannan ka dawo wa wanda ya kwanta maka. Ana yin ragi, amma ba mai yawa ba, kuma ya fi samuwa idan ka haɗa kilo uku ko fiye a wurin mutum ɗaya.

A Jidda kifi "hut" ake ce masa, ko da "samak" ma kowa zai gane. Bahar Maliya ba shi da wani kogi da ke zuba a cikinsa duk shekara, rana kuma na ƙafar da ruwansa, saboda haka gishirinsa ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali a manyan tekuna bai wuce 35 ba. Ruwa ne mai ɗumi, garau, babu laka, irin wanda murjani ke so. Kifin da ke rayuwa a cikin waɗannan duwatsu namansa fari ne, mai tauri, ƙarninsa kaɗan.

Sarkinsu shi ne najil. Ja ne ko jaja-jaja, jikinsa da ɗigo-ɗigo shuɗɗa, kuma shi ya fi kowane tsada. Namansa na ɓarewa manya-manya, ƙayarsa ba yawa. Yana da ɗan'uwa mai suna taradi, wanda ɗigon jikinsa ke da baƙin zobe kewaye da shi, kuma farashinsa bai kai na najil ba, don haka ka duba da kyau kada ka biya kuɗin najil a kan taradi. Hukumomin Saudiyya na hana kama waɗannan biyun a watannin Afrilu da Mayu saboda lokacin haihuwarsu ne. Idan a wannan lokaci ka zo, kada ma ka nema, ka koma kan wani. Akwai hamur, wanda 'yan Jidda ke kira kushar, mai ƙaton kai da faɗin baki. Yana da daɗi a miya, amma kan nan nasa na cinye kaso mai yawa na nauyin da ka biya. Sha'ur shi ne kifin gida, na yau da kullum, mai dogon baki da jiki ruwan toka-toka. A ganina shi ya fi dacewa da baƙon da ke son ɗanɗana kifin Jidda ba tare da ya zubar da kuɗi ba: a soya ya yi, a gasa ya yi, kuma da wuya a rasa sabonsa. Harid shi ne mai launin kore da shuɗi, bakinsa kamar na aku, da shi yake kankarar murjani. Namansa laushi gare shi, mutanen gari na matuƙar son sa a soye, amma ba ya jure jira, sai a ci shi a ranar. Sijan ƙarami ne, yana da araha da daɗi, sai dai ƙayoyin bayansa na da dafi, sukarsu na sa hannu ya kumbura ya yi zogi na awanni ko da kifin ya mutu. Kada ka ɗauke shi da hannu, bar mai teburi ya ɗauka, ka kuma ce a datse ƙayoyin da almakashi. Dirak dogo ne mai sulɓi, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, ƙashi ɗaya ne a tsakiya, shi ya fi sauƙin ci ga yara da dattawa.

Ba duk abin da ke kan teburi ne ya fito daga ruwan Jidda ba. Akwai na kiwo, akwai wanda aka shigo da shi daga waje cikin ƙanƙara. Dinis da karus, alal misali, galibinsu na kiwo ne. Alamar na kiwo ita ce za ka ga tari guda duk girmansu ɗaya kamar an auna. Ba laifi ba ne cin sa, amma kada a sayar maka da shi da sunan kamun dare. Tambayar da za ka yi ita ce "baladi?", wato na nan ne? Jatan lande kuwa, wanda suke kira rubiyan ko jambari, da yawansa daga gonakin kiwo na Lis yake zuwa, kudu da Jidda, musamman a watannin zafi da aka rufe kamun na teku. Akwai kuma ƙaguwa da habbar, wata dabbar teku mai laushin jiki da dogayen hannuwa. Ga mai shakka a kan cin su, a mazhabar Malikiyya duk dabbar teku halal ce, bisa hadisin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Hanafiyya ne suka taƙaita ga kifi kaɗai.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato gane sabon kifi. Fara da ido: na sabo a bulluƙe yake, garau, baƙin tsakiyarsa na sheƙi. Idan ya lotsa ciki ko ya yi hazo-hazo, kifin ya kwana biyu. Sai ka ɗaga murfin da ke gefen kai, wurin da kifi ke numfashi. Abin da ke ciki ya zama ja wur, a jiƙe, babu yauƙi mai kauri. Idan ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ajiye shi. Nan ne kuma za ka kai hanci, domin wari daga nan yake farawa kafin ya kai jiki. Sabon kifin teku ƙamshin ruwan gishiri yake yi. Tsami-tsami ko wani wari mai hawa kai kamar na fitsari alama ce ya fara lalacewa. Danna yatsa a bayansa, sama da tsakiyar jiki: nama ya dawo nan take. Idan gurbin yatsa ya zauna, ya saki. Ɗaga shi ta kai a kwance, sabo zai tsaya a sanƙare ko ya ɗan lanƙwasa kaɗan, wanda ya jima zai zube. Duba ciki ma, kada ya zama a kumbure ko ya fara fashewa, domin daga hanji ruɓa ke fita zuwa nama. Kada ka dogara da alama ɗaya. A kowace kasuwar kifi a duniya ana yayyafa ruwa don fata ta yi sheƙi, hasken fitila ma na iya ƙara wa kifi ja, don haka ka ɗan matsa da shi inda hasken rana yake. Wanda aka daskarar sannan aka narkar kuwa, fatarsa dushi-dushi take, namansa na tsiyayar ruwa idan an matsa, kuma idan an soya shi sai ya yi yaɗi-yaɗi. A jatan lande, kai ya kasance manne da jiki sosai. Baƙi-baƙi a wuya da ƙafafu na nufin ya jima a waje. Ƙaguwa kuwa ka ɗaga ka ji nauyinta, mara nauyi ruwa ne da ɓawo.

Wajen awo, ka tabbata sikeli na kan sifili, kuma a ɗora kifin shi kaɗai, ba a cikin leda mai ruwa da ƙanƙara ba. Ga lissafin yawa: babban mutum ɗaya na buƙatar giram 400 zuwa 500 na kifi ɗanye da kansa da cikinsa. Cire ɓawo da hanji na rage kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyi, idan kuma aka zare tsoka zalla, abin da zai rage bai cika wuce kashi 40 zuwa 45 ba, a hamur ma bai kai haka ba. Jatan lande na rasa kusan rabin nauyinsa idan an cire kai da ɓawo. Ke nan mutum huɗu, kilo biyu na kifi da kilo ɗaya na jatan lande sun wadatar har da ragowa. Kifi mai nauyin giram 600 zuwa kilo ɗaya da rabi ya fi daɗin aiki. Ƙato na burge ido, amma bayansa na ƙonewa kafin cikinsa ya nuna.

Daga teburi sai sashen gyara, a cikin kasuwar yake. Ana auna kayanka, ka biya gwargwadon kilo, a ba ka lamba. Kuskuren da baƙi ke yi shi ne miƙa kifi ba tare da faɗin yadda za a dafa shi ba, alhali yanka na bin dahuwa ne. Idan suya ce, wato makli, a kankare ɓawo, a cire ciki, a tsattsaga jikin sau uku ko huɗu a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, don mai da gishiri su shiga. Idan gashi ne, wato mashwi, a tsaga shi ta baya a buɗe shi kamar littafi, a bar ɓawon a jiki, domin shi ne zai tare wuta ya hana naman bushewa. Wanda aka kankare wa ɓawo sannan aka ɗora a wuta, fatarsa na manne wa ƙarfe ta yage. Ka ce a ba ka kai da ƙashi idan an zare tsoka, da su ake romon shinkafa. Ka ƙirga kifinka kafin ka miƙa, ka ƙirga bayan an dawo da shi, saboda a cunkoson safiya leda na iya musanyuwa ba da nufi ba.

Akwai wurin dahuwa a harabar kasuwar, akwai wasu kuma a kewaye, kana kai naka su dafa maka a kan kuɗin kilo. Zaɓina ga wanda ya zo sau ɗaya: najil ko sha'ur a soye, ɗaya kuma a gashe, da shinkafar sayadiyya. Suyar Jidda ba ta da tarkace, gishiri ne da tafarnuwa da kammun, wani kayan ƙamshi na girki, da lemon tsami, a tsoma cikin mai mai zafi sosai. Man da bai yi zafi ba shi ke sa kifi ya sha mai ya yi lagwas. Za a kawo maka miyar tsamiya da suke kira humar, da ta riɗi wato tahina, da yaji mai tumatir. Tsamin humar na yanke maiƙon suya, kada ka bar ta a gefe. Akwai kuma matfi, kifin da aka soya sannan aka turara shi cikin miyar tsamiya da tumatir.

Sayadiyya ta cancanci a tsaya a kanta, domin za ka iya maimaita ta duk inda kake. Launin ƙasa-ƙasa da take da shi daga albasa yake, ba daga wani sinadari ba. Ga kofi biyu na shinkafa, a yanka manyan albasa uku, a soya a hankali cikin mai har su yi duhu sosai, dab da ƙonewa. A zuba kan kifi da ƙashinsa, da gishiri da kammun, da ruwa kofi biyar, a bar shi ya tafasa minti 20 zuwa 25, a tace. Da kofi uku zuwa uku da rabi na wannan romo za a dafa shinkafar a wuta kaɗan. Abu biyu ke ɓata ta. Idan an sauke albasa da wuri, shinkafar za ta fito fara, zaƙi-zaƙi, babu ƙamshi. Idan albasar ta wuce ta yi baƙi, ɗaci zai kama tukunyar gaba ɗaya kuma ba shi da gyara. Romon da aka bari ya wuce rabin awa a wuta shi ma yana ɗaukar ɗanɗanon ƙashi.

Batun lafiya kuma, ka kula da zafin garin. Ɗanyen kifi kada ya wuce awa biyu babu ƙanƙara, idan kuma zafi ya haura digiri 32, wanda a Jidda haka yake mafi yawan shekara, awa ɗaya ce iyaka. In za ka tafi da shi masauki, sa shi a kula da ƙanƙara mai nauyi daidai da na kifin, ƙasa da sama. Kifaye masu duhun nama, irin su tuna da bagha da dirak, idan suka sha zafi suna tara wani guba a jiki wanda dahuwa ba ta kashe shi. Cikin mintoci bayan ci sai fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi. Idan ka ji naman na yi maka yaji-yaji a harshe alhali ba a sa barkono ba, dakata da ci. Kifin nan mai kumbura kamar ƙwallo kuwa dafinsa na kisa, ba a cin sa ko kyauta aka ba ka. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, musamman tunda jirgi zai hau, domin akwai jikin da ba ya karɓar su, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi kuma na buƙatar asibiti nan take. Wajen ɗaukar hoto ka nemi izinin mutum tukuna, kuma kada ka juya kyamara wajen tashar jiragen ruwa ko masu tsaron gaɓa.

Bayan la'asar sai Balad. Ka shiga ta ƙofar da ake kira Bab Jadid a arewa, ka gangaro kudu da ƙafa. Jidda ta fara ne a matsayin zangon masunta tun kafin Musulunci. Abin da ya ɗaga ta shi ne hukuncin Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, a shekara ta 26 bayan Hijira, wato 647, na mayar da ita tashar jiragen Makka a maimakon Shu'aiba da ke kudu. Tun daga nan abinci daga Masar da kayan Indiya da alhazan da suka biyo ruwa duk ta nan suke sauka. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya iso a 1183 daga Aizab a gaɓar Afirka, cikin irin jiragen da ba a buga musu ƙusa, sai dai a ɗinke katakonsu da igiyar ɓawon kwakwa. Ya tarar da gari wanda yawancin gidajensa bukkoki ne, da masaukan fatake na dutse da laka. Ƙarnuka bayan haka, alhazan Afirka ta Yamma da suka ratsa Sudan ta ƙasa daga Sawakin suke tsallakowa zuwa wannan gaɓa.

Da Turawan Fotugal suka zagayo Afirka suka isa Indiya a 1498, sai suka sa ido a kan Bahar Maliya. Sarkin Mamalik na Masar, Kansu al-Gauri, ya turo Husaini al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa a wajajen 1509. A 1517 rundunar jiragen Fotugal ƙarƙashin Lopo Soares ta iso gaban garin. Hanyar shiga tashar siririya ce, tana karkacewa tsakanin duwatsun murjani, jirgi ba ya wucewa sai a hankali, ga igwa na jiran sa daga tudu a hannun mayaƙan Salman Rais, kwamandan da ke tsaron garin. Suka juya ba su ci garin ba. A wannan shekarar ce kuma Hijaz ta koma ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ganuwar ta tsaya har 1947, lokacin da aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. Ƙofofin da za ka gani yau, har da Bab Makka a gabas, sake gina su aka yi.

Yawancin manyan benayen da suka rage na ƙarni na 19 ne, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen tururi suka yawaita, fatake suka yi arziki. Ko a lokacin manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda murjani. Can nesa suke tsayawa, ƙananan jiragen sambuk su yi ta jigilar mutane da kaya zuwa Bab al-Bunt, ƙofar garin ta bakin ruwa, bayan an killace alhazai a tsibirin Abu Sa'ad idan ana tsoron annoba. Idan ka tsaya a Bab al-Bunt yau za ka ga teku ya yi nisa. Cike gaɓar aka yi aka yi gini a kai.

Matsa kusa da bangon wani tsohon gida inda shafe ya ɓare, ka duba dutsen. Za ka ga ƙananan ramuka da zanen murjani, wani lokaci har da ɓawon katantanwar ruwa a maƙale. Sunansa hajar mankabi, daga gaɓa da kewayen tafkin Arba'in aka haƙo shi, aka haɗa shi da laka daga ƙasan tafkin. Dutse ne mara nauyi, mai sauƙin sassaƙa, amma ba shi da ƙarfi sosai. Shi ya sa magina ke shimfiɗa katako a tsawon bango bayan kusan kowace mita ɗaya, abin da suke kira takalil. Katakon na raba nauyi, yana kuma ba da damar a tokare bango a zare dutsen da ya ruɓe a ƙasa a sa sabo ba tare da an rushe sama ba. Da wannan dabara suka kai hawa huɗu, biyar, har fiye. Abin da ke kashe waɗannan gidaje shi ne ruwa: dutsen na tsotsar danshi da gishiri daga ƙasa, idan kuma aka shafe shi da siminti a maimakon farar ƙasa, danshin ya rasa hanyar fita sai ya ci dutsen daga ciki. Gobara ma ta ci da yawa. Duk gidan da ka ga an tokare da ƙarafa, kada ka raɓe shi.

Tagogin katako da suka turo waje, wato rawashin, su ne adon garin. Hijaz ba ta da irin wannan itace, daga Indiya da Jawa jirage suka kawo shi. Suna shigo da iskar teku, suna tare rana, na ciki na ganin titi ba a ganin sa, a cikinsu kuma ake ajiye tulunan ruwa iska ta sanyaya su. Ruwan sha shi ne babbar wahalar Jidda tun asali. Da tafkunan tara ruwan sama aka dogara, sai a 1907 aka kafa injin tace ruwan teku da mutane suka sa wa suna kindasa, sannan a 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima.

Garin ya kasu unguwa huɗu: Sham a arewa, Yaman a kudu, Mazlum a tsakiya zuwa gabas, da Bahar ta wajen ruwa, inda ma'aikatan teku suka fi zama. A Mazlum ne masallacin Shafi'i yake, hasumiyarsa na cikin gine-gine mafi tsufa a garin, ka yi ƙoƙari magariba ta same ka a nan. Daga can ka bi kasuwar Alawi zuwa gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. Matakalarsa faɗi gare ta, hawanta a kwance, har ana cewa raƙumi na hawa da kaya zuwa sama. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan Jidda ta miƙa wuya a Disamba 1925. Bishiyar darbejiyar da ke ƙofar gidan ta shahara tun zamanin da itace ke wuyar gani a garin. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, ana kuma ci gaba da gyara, don haka za ka iya tarar da wani gida ko lungu a rufe. A arewa maso gabas da tsohon garin akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u. Zance ne da ya daɗe a bakin mutane, ba shi da ingantaccen dalili, kuma an rushe ginin da ke kan kabarin tun 1928.

Idan da sauran lokaci bayan isha'i, ka fita titin bakin teku ka ga feshin ruwan Sarki Fahad, wanda aka buɗe a 1985, yana harba ruwan teku sama har mita 312. Daga nan filin jirgin Sarki Abdul'aziz na arewacin gari, ka ware masa aƙalla minti 45 saboda cunkoson dare. Idan ranarka ta faɗo Juma'a, kasuwar kifi ta fi cika da safe saboda hutun mako ne, shagunan Balad kuma ba sa buɗewa sosai sai yamma. A watan azumi komai na komawa dare, Balad na cika bayan tarawihi, wuraren dahuwa kuma ba sa ba da abinci a ci da rana.